Cire tsatsa daga kayan aikin ƙira

Cire tsatsa daga kayan aikin ƙira shi ne kawar da jan dattin da ke fitowa a jikin guduma, awartaki, magagari, kurfi da sauran kayan da maƙera, 'yan walda da masu gyaran injuna suke sarrafa ƙarfe da su, sannan a shafe su da mai don kada ta dawo. Tsatsa iri biyu ce. Akwai ta sama-sama, wadda take kwance a fatar ƙarfe kamar ƙura, akwai kuma mai zurfi, wadda ta riga ta ci ƙarfen ta bar ramuka a jikinsa. Ta sama-sama tana fita cikin mintoci kaɗan kuma ba ta barin illa. Mai zurfi kuwa ko an cire ta, abin da ta cinye ba ya dawowa.

Babbar ƙa'idar aikin ita ce a fara da hanya mafi sauƙi wadda ta dace da irin ƙarfen, domin wuta, asid mai ƙarfi da injin gurza ƙarfe suna iya yi wa kayan aiki ɓarnar da ta fi ta tsatsar kanta. A gabashin Jihar Sakkwato, a garuruwa irin su Wurno, Goronyo, Rabah da Maikujera, tsatsa ta fi tasowa ne da damina, wato daidai lokacin da manoma suka fi buƙatar maƙera.

Yadda tsatsa take samuwa

Tsatsa tana samuwa ne idan abubuwa uku suka haɗu: ƙarfe, ruwa da iskar oksijin. Idan ɗaya ya rasa, ba ta samuwa. Ba sai ruwan sama ya taɓa ƙarfe ba. Laimar da ke cikin iska, raɓa ko zufar hannu sun isa. Ruwan yana kwanciya a kan ƙarfen, wani ɓangare na ƙarfen ya narke a cikinsa, ya haɗu da oksijin, sai a sami sinadarin da masana kimiyya suke rubutawa da Fe2O3 haɗe da ruwa. Shi ne jan garin da ake gani.

Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, don haka take kumbura tana ɓarewa. Jikinta kuma yana da ƙananan kafofi masu riƙe laima, shi ya sa wurin da ya fara tsatsa ya fi saurin ci gaba da lalacewa. A nan ƙarfe ya bambanta da alminiyam, wanda fatar da yake yi idan ya haɗu da iska takan manne ta kare abin da ke ƙarƙashinta. Gishiri da asid suna ƙara wa tsatsa sauri, haka ma laimar iska idan ta wuce kusan kashi 60 cikin 100.

Baƙin ɓawon da ke ɓarewa daga ƙarfe lokacin da ake bugunsa da zafi a maƙera wani sinadari ne daban, Fe3O4. Zafin wuta ne yake haifar da shi, ba ruwa ba, kuma siririnsa idan ya sha mai yana ɗan kare ƙarfe. Wannan ne dalilin da ya sa sabuwar fartanya take fitowa baƙa daga maƙera, kuma bakinta da aka wasa ya yi fari shi yake fara yin ja.

Matsalar ta duniya ce baki ɗaya. Wani bincike da ƙungiyar NACE International ta fitar a shekarar 2016 ya ƙiyasta cewa lalacewar ƙarafa tana jawo wa duniya asarar kusan dala tiriliyan 2.5 a shekara. Akwai ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, wanda ake haɗawa da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100, kuma ana danganta samo shi da Harry Brearley na birnin Sheffield a Ingila a shekarar 1913. Amma yawancin kayan ƙira ba da shi ake yin su ba, domin ƙarfe mai kabon ya fi araha kuma ya fi sauƙin ƙerawa da taurarawa.

Kayan ƙira da irin ƙarfensu

Hausawa sun raba maƙera gida biyu: maƙeran baƙi masu aikin baƙin ƙarfe, da maƙeran fari masu aikin azurfa, tagulla da makamantansu. Kayan aikin maƙerin baƙi sun haɗa da uwar maƙera wadda ake bugun ƙarfe a kanta, masaba da guduma da muntalaga na bugu, awartaki na riƙe ƙarfe mai zafi, kurfi na yanka, matsoni na huji, magagari na gurza, da zugazugi na hura wuta. 'Yan walda da makanikai sun ƙara da sufana, filaya, almakashin kwano, zarton ƙarfe, bakin injin huji da kayan awo.

A da can maƙeran ƙasar Hausa daga tama suke narko ƙarfensu. Tun zamanin mulkin mallaka tsoffin ƙarafa suka maye gurbin tama, kuma a yau da sifirin ɗin mota, rodi da guntayen injuna ake ƙera yawancin kayan noma da kayan aikin maƙerin kansa.

Wajen cire tsatsa, abin lura shi ne ko an taurara ƙarfen ko ba a taurara ba. Awartaki galibi da ƙarfe mai laushi ake yin sa, mai ƙarancin kabon. Kurfi, matsoni, magagari da fuskar guduma kuwa ƙarfe ne mai yawan kabon, wanda aka gasa ya yi ja, aka tsoma cikin ruwa ko mai don ya yi tauri. Wannan taurin shi ne amfanin kayan, kuma zafi yana iya ɓata shi.

Yanayi a gabashin Sakkwato

Ƙira tsohuwar sana'a ce a yankin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mayar da Wurno ribaɗinsa kuma ya rasu a can a shekarar 1837, ya ambaci maƙera a littafinsa Usul al-Siyasa cikin masu sana'ar da ya wajaba shugaba ya kula da su. A birnin Sakkwato akwai unguwar Maƙera Assada wadda ta shahara da wannan sana'a.

Damina a yankin takan kama daga Yuni zuwa Satumba, ruwa ya fi yawa a Agusta. A waɗannan watanni iska tana cike da laima, rumfunan ƙira da yawa ba su da bango, ƙasa kuma a jiƙe take. Kayan da aka bari a ƙasa da dare sukan wayi gari da ja-ja a jikinsu. Lokacin ne kuma ake kawo fartanya, garma da hauya gyara, daga baya lauje da magirbi su biyo, don haka maƙerin da magagarinsa ya dushe a tsakiyar damina ya yi asarar kasuwa. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska takan bushe ƙwarai, tsatsa ta ragu. Sai dai ƙurar da ta kwanta a kan kayan aiki a lokacin tana riƙe laima idan damina ta dawo.

Noman rani ya sa ƙarafan yankin ba sa rabuwa da ruwa ko da ba damina. Madatsar ruwa ta Goronyo da ke kan Gulbin Rima, wadda aka kammala a shekarar 1984, da fadamun Wurno da na Rabah, suna ciyar da noman shinkafa, albasa da tafarnuwa. Masu gyaran injin ban-ruwa suna aiki da sufana a cikin taɓo da raɓa. Takin zamani shi ma maƙiyin ƙarfe ne, domin yana jan laima daga iska, wasu nau'o'insa kuma gishiri ne a kimiyyance. A ƙauyuka irin Maikujera da ke ƙaramar hukumar Rabah, inda sau da yawa ɗaki ɗaya ne ma'ajiyar taki da kayan aiki, wannan babban dalili ne na saurin tsatsa.

Gane tsatsar sama-sama

Ana gwadawa da tsumma mai ɗan mai. Idan aka goga, jan ya biyo tsumman, ƙarfen ya fito sumul, to ta sama-sama ce. Idan aka bi wurin da farce aka ji kaushi ko ramuka, ko kuwa ɓawo yana ɓarewa, ta yi zurfi. Launi ma yana nunawa: sabuwar tsatsa ruwan lemo ce mai haske, tsohuwa kuwa ta fi duhu da kauri.

Kafin a fara kowace hanya, ana wanke maiƙo da datti da kananzir ko ruwan sabulu, a bushe kayan. Maiƙo yana toshe samfefa, yana kuma hana ruwan tsami isa ga tsatsar.

Hanyar gogewa

Ita ce ta farko kuma ta wadatar a mafi yawan lokuta. Ana ɗiga mai ko kananzir a wurin, a bar shi mintoci kaɗan ya ratsa, sannan a goge da ɗaya daga cikin waɗannan:

Soson waya: ya dace da tsatsa mai laushi, kuma ba ya rage ƙarfe sosai.

Burushin waya: yana shiga lungu da saƙo, kamar haƙoran filaya da zaren noti.

Samfefa: lambar da ke bayanta tana nuna laushinta, ƙaramar lamba ta fi kaushi. Ana iya farawa da 220, a gama da 400 ko 600. Mai lamba 80 tana barin zane, kuma a cikin zanen tsatsa take sake kamawa.

Toka: tokar itace da aka ɗan jiƙa tana goge ƙarfe kamar yadda take goge tukunya. Ba ta da kaushi sosai, amma dole a share ta tas, domin tana jan laima.

Yashi: ƙwayarsa ta fi yawancin ƙarafa tauri, don haka yana karce su. Ya dace da fartanya, awartaki da jikin masaba, bai dace da kayan awo ko fuskar guduma ba.

Ana gogewa ta fuska ɗaya, bisa tsawon kayan. Da zarar jan ya fita sai a tsaya. Baƙin tabon da kan rage ba tsatsa mai ci ba ce, kuma bin sa har ƙarfe ya yi ƙyalli rage kayan aiki ne kawai.

Hanyar jiƙawa a ruwan tsami

Asid mara ƙarfi yana narkar da tsatsa a wuraren da soso ba ya kaiwa. Abubuwa uku ne suka fi sauƙin samu. Ruwan khal yana ɗauke da asid ɗin asetik, yawanci kusan kashi 5 cikin 100. Lemun tsami yana da asid ɗin sitirik, kuma akan haɗa shi da ɗan gishiri a shafa a wurin. Tsamiya tana da asid ɗin tatarik, an kuma daɗe ana wanke tagulla da ita. Ana jiƙa ta ta yi kauri, a tace.

Matakan aikin su ne:

1. A sa kayan a robar da ruwan zai rufe su. Ba a amfani da kwanon ƙarfe ko na alminiyam.
2. A riƙa dubawa bayan kowane rabin awa ko awa ɗaya. Tsatsar sama-sama takan saki cikin 'yan sa'o'i, kuma ba a barin kayan su wuce yini da kwana.
3. A fitar, a goge baƙin dattin da burushi.
4. A ɗauraye da ruwan da aka narkar da kanwa ko bekin soda a ciki, domin su ne suke kashe ragowar asid.
5. A sake ɗaurayewa da ruwa mai tsabta, musamman idan kanwa aka sa, saboda takan zo haɗe da gishiri.
6. A bushe nan take da tsumma, a shanya a rana, a shafa mai.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi sakaci da shi. Ƙarfen da ya fito daga asid ba shi da wata kariya, yana iya sake yin ja cikin mintoci.

Asid ba ya tsayawa a kan tsatsa kaɗai. Idan ya gama da ita sai ya shiga cin lafiyayyen ƙarfe, ya dusar da kaifi. Yana kuma cinye rufin zinki da ke jikin kwano da wasu kusoshi. Ƙarfe mai tauri sosai, kamar sifirin, idan ya daɗe a asid yana iya shan iskar haidirojin ya zama mai saurin karyewa. Ruwan batir kuwa asid ne mai ƙarfi da ke ƙona fata da makantar da ido, kuma tsatsar sama-sama ba ta kai a nemo shi ba.

Hanyar wuta

Maƙeri yakan sa ƙarfe mai tsatsa a wuta ya yi ja, ya buga shi, tsatsar ta zube tare da ɓawo. Wannan ya dace da awartaki da tsoffin ƙarafan da za a sake ƙerawa. Bai dace da kayan da aka taurara ba. Taurin ƙarfe mai kabon yakan fara raguwa idan zafi ya wuce kusan digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, tun kafin ƙarfen ya nuna alamar ja. Alamar da ake gani ita ce sauyin launi a wurin da aka wasa: ruwan ƙaiƙayi da farko, sannan shuɗi idan zafi ya kai wajen digiri 300. Magagarin da ya yi shuɗi ya daina cin ƙarfe yadda ya kamata. Injin gurza ƙarfe ma yana iya kawo irin wannan zafi a bakin kurfi cikin daƙiƙoƙi kaɗan.

Hanyar lantarki da magungunan kanti

Masu gyaran tsoffin injuna suna amfani da cajar batirin mota mai bolt 12. Ana narkar da sodar wanki a ruwa cikin roba, kamar cokali ɗaya a lita 4. Ana haɗa baƙar waya, mai alamar ragi, da kayan aikin. Jar waya, mai alamar tarawa, da wani guntun ƙarfe mara amfani. A sa su cikin ruwan ba tare da sun taɓa juna ba. Tsatsar takan saki cikin 'yan sa'o'i ba tare da an ci lafiyayyen ƙarfe ba. Idan aka juya wayoyin, kayan aikin ne zai cinye. Ana yin aikin a fili domin yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Ba a sa gishiri a ruwan, saboda yana iya fitar da iskar kulorin mai guba, ba a kuma amfani da ƙarfe mai kuromiyam a matsayin guntun.

A kantunan kayan gini da na mota ana sayar da man feshi irin WD-40, wanda yake korar ruwa ya kuma sassauta tsatsa kafin a goge. Akwai kuma magungunan da suke mayar da tsatsa baƙin rufi, masu ɗauke da asid ɗin fosforik ko sinadarin tanin. Tanin shi ne abin da ke cikin bagaruwar da majema suke jima da ita, kuma haɗuwarsa da ƙarfe ita take ba da baƙin rinin da dukawa suke samu idan suka shafa ruwan ƙarfe a kan jemammiyar fata. Irin waɗannan magunguna sun fi dacewa da ƙofofi da jikin injuna, ba bakin kayan yanka ba.

Kowane kaya da hanyarsa

Uwar maƙera: ana goge fuskarta da burushin waya da mai. Duk ramin da ke fuskar zai fito a jikin aikin da aka buga a kanta. Wadda ake aiki da ita kullum ba ta cika yin tsatsa ba, domin bugun ƙarfe mai zafi yana goge ta.

Guduma da masaba: samfefa mai laushi ta isa. Ba a jiƙa ƙotar, domin itace yakan kumbura sannan ya ƙanƙance, kan ya yi sako-sako. Ana share mai daga fuskar kafin aiki don kada ta zame.

Awartaki da filaya: ana ɗiga kananzir a mahaɗarsu, a riƙa buɗewa da rufewa har jan ruwa ya daina fita, sannan a sa mai.

Magagari: ba a sa masa samfefa, domin tana kashe haƙoransa. Ana bin layin haƙoran da burushi. Idan an shafa masa mai don ajiya, sai a wanke da kananzir kafin aiki. Shafa alli yana hana garin ƙarfe toshe shi.

Kurfi, matsoni da bakin injin huji: soson waya da mai, sannan a wasa bakin a dutse.

Kayan awo: soso mafi laushi da mai kawai. Asid da samfefa suna goge lambobi, suna kuma sauya awon.

Rigakafi

Rigakafi ya fi magani, kuma a nan ma'anarsa raba ƙarfe da ruwa. Ana share kayan aiki bayan an tashi, a shafe su da tsumma mai mai. Siririn shafi ya isa. Mai yawa ƙura yake tarawa. Man inji, giris, basilin da kakin zuma duk suna aiki. Man kaɗe da man gyaɗa sun fi dacewa da wuƙaƙen da za su taɓa abinci, sai dai man gyaɗa yakan yi danƙo idan ya daɗe. Baƙin mai yana da araha kuma an saba amfani da shi, amma yana ɗauke da dattin da ke cutar da fata, bai kamata ya taɓa kayan abinci ba.

Ana rataye kayan ko a ɗora su a kan katako, ba a ƙasa ba, nesa da taki, gishiri da batir. Wuƙa ba ta daɗewa a kuben fata da damina, domin fata tana riƙe laima. Kayan da za a ajiye na watanni ana naɗe su a tsumma mai mai, a sa a akwati mai murfi. Wasu manoma a ƙasashe daban-daban suna ajiye bokitin yashi da aka zuba wa mai, su riƙa soka kayan noma a ciki bayan aiki, ya goge su ya kuma shafe su lokaci ɗaya.

Kariyar lafiya

Burushin waya, musamman na inji, yana watsa guntayen waya da garin tsatsa, don haka ana kare ido da tabarau, a rufe hanci. Ba a amfani da kananzir ko fetur kusa da wutar maƙera. Ba a haɗa asid da ruwan bilic, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. Ruwan da aka yi aiki da shi ba a zubar da shi kusa da rijiya ko inda dabbobi suke sha.

Mutane da yawa sun ɗauka tsatsa ce take kawo cutar tetanus, mai sandarar da jiki da sarƙe haƙora. Ainihin mai kawo ta ƙwayar cuta ce, Clostridium tetani, da ke zaune a ƙasa da kashin dabbobi. Ƙarfe mai tsatsa yana da haɗari ne saboda yakan kasance a ƙasa, kaushinsa yana riƙe datti, sukarsa kuma tana yin zurfi. Wanda ƙarfe ya soka ko ya yanka, ko da sabo ne, ya kamata ya wanke raunin da ruwa da sabulu, ya je asibiti a duba ko yana buƙatar allurar rigakafi.

Duba kuma

Ƙira
Tama
Walda
Jima
Madatsar ruwa ta Goronyo